Ƙarfen da Ke Bin Wuta

Kai mai jar hula, sauke hannunka daga kan ƙarfen nan da ke rataye. Ba na sayarwa ba ne, ba kuma na wasa ba ne. Tun da kuka shigo rumfar nan idonku ke kansa. To ku gyara zama a kan benci, ku ture gwangwanin giris ɗin can kada ya yi wa fararen kayanku ado. Na ji abin da abokinku yake faɗa tun daga bakin titi, wai gyaran inji ai kwancewa ne da ɗaurawa, in abu ya lalace sai a ɗauki hotonsa da waya a tura Caina a kawo sabo. Madalla da wannan ilimi! Ashe ni Ado, da na yi furfura a ƙarƙashin injinan masana'antu daga Bompai har Sharaɗa, wahalar banza na sha.

Ranar da mahaifina ya kai ni wurin maigidana Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa, na zaci sufana ta kwance noti za a miƙo mini. Sai aka miƙo mini kwano da kananzir da tsohon buroshin goge baki. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ina nan ina wankin ƙarafa kamar mai wanke-wanke a gidan biki. In an kwance inji, ni ke shimfiɗa buhu in jera notina da wasoshi yadda suka fito, na farko a dama, na ƙarshe a hagu. In ka kuskura iska ko ƙafar wani ta hargitsa jerin, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu. Sai da ya ga na san kowane ƙarfe da hannu ko idona a rufe, sannan ya ba ni doguwar sukundireba, ya ce in ɗora bakinta a jikin inji yana aiki, in sa ƙotar a kunnena. Ya ce, "Me ka ji?" Na ce, "Ƙara." Ya ce, "Jakin gidanku ma ya ji ƙara. Sake saurarawa." A haka na koyi bambanta kukan boris mai jin ƙishirwar giris da na wanda ya riga ya gama yawo. Boris shi ne zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki da ke sa abu juyawa sumul. Malam Tanimu ya kan ce inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba, masu shi ne dai ba sa amsawa.

Abu na biyu da ya dasa mini shi ne, ba a zuwa kasuwa ba samfur. Abin da ya karye, ko ya zama gari, tattara shi ka tafi da shi. Ku je Ƙofar Ruwa ku ce kuna neman wani abu mai zagaye mai rami a tsakiya, ku ga yadda za a tara muku masu zagaye har ku rasa hanyar fita. A can sai ka tsuguna a gaban tulin ƙarafa tun hantsi, kana tono kana gwadawa, mai kaya yana rantse maka cewa wannan daidai yake, alhali ko makaho ya shafa ya san ba su haɗa dangi ba. Ga masu inji kuma, Allah ya shirye su. Ba wanda zai kira ka sai ƙanin matarsa ya gama gwada basirarsa. Ka je ka tarar da inji a cikin bokiti uku, mai shi yana ce maka, "Malam Ado, ɗan ƙaramin abu ne fa." In ƙarami ne, me ya hana ƙanin matar taka ya ƙarasa?

To bari in zo kan ƙarfen da ya tsone muku ido. Akwai wani dattijo da ya yi masana'antar sabulu a nan Gyadi-Gyadi. Ya sayo injina biyu iri ɗaya sak, tagwaye, ƙirar Ingila ta dā. Aikinsu murza sabulu: a zuba shi gutsi-gutsi ta sama, inji ya murza ya fito da shi ta baki dogo sumul kamar rake, a yayyanka a buga hatimi. Maigidana ne ya kafa su, da ya rasu na gaji kula da su. Da dattijon ya rasu shi ma, ya bar 'ya'ya biyu, Alhaji Sule da ƙanwarsa Hajiya Rabi. Aka yi rabo, ginin da inji ɗaya suka faɗa wa Alhaji, ɗaya injin ya faɗa wa Hajiya. Alhaji ya ce ta sayar masa. Da ya tsaya nan, da an zauna lafiya, amma sai ya ƙara da cewa, a gaban mutane, "Me mace za ta yi da inji? Kafin shekara za ta kai wa 'yan gwangwan su auna a sikeli."

Hajiya Rabi ta miƙe ta fita. Ta ɗauko mota mai ƙugiya ta kwashe injinta, ta kama rumfa a Tarauni ta wajen Unguwa Uku, ta ɗauki matan unguwa aiki, yawancinsu masu marayu a gabansu, suna yanka sabulu suna naɗewa. Daga ranar magana ta yanke tsakanin wa da ƙanwa. Ko a gidan suna, in ya shigo ta zaure sai ta tuna tana da uzuri. Ni kuwa ga ni a tsakiya, nan kwastoma, can kwastoma. Na riƙe wa kaina doka: ina ɗaukar sufana daga wannan gida zuwa wancan, amma ba na ɗaukar magana.

Sai ga shekarar da dala ta haukace. Ku kuna makaranta lokacin, abin da kuka sani burodi ya ƙanƙance. Mu kuwa mun ga tashin hankali. Masu shigo da kayan gyara suka rufe shaguna suka ce sai abin da hali ya yi. Dizal ya gagari kowa, janareto suka zama wurin shanya dadduma. A shekarar nan na ga ana ɗora injina masu rai a kan sikeli ana sayarwa kamar gero. Ana cikin wannan ne wani noti ya sulale ya faɗa cikin injin Hajiya yana tsakar aiki. Akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora a gefen injin, giya muke ce masa, ita ke karɓar ƙarfi daga motar lantarkin injin ta juya komai. Kafin a kai hannu a kashe, ta zubar da haƙoranta a ƙasa.

Na tattara gutsattsarin a buhu na shiga duniya. Na tone Ƙofar Ruwa har masu kaya suka fara ce mini Mai-buhu. Na zaga Sabon Gari shago-shago. Na je Kaduna na leƙa masaƙun da suka mutu, babu. Matsalar ita ce haƙoran giyar a karkace suke, kuma awon inci ne na Turawan dā, ba irin na yanzu ba. Na kai wa masu sassaƙa ƙarfe suka yi iya yinsu, ta fito kyakkyawa kamar a sa a falo. Muka ɗaura. Kafin Juma'a ta zagayo haƙoran sun koma kamar na tsohuwar akuya, don ƙarfen namu bai da taurin nasu. Ɗan Hajiya ya ɗauki hoto da waya, irin dabarar taku, ya tura ko'ina. Aka ce masa kamfanin da ya ƙera injin ya riga kakansa barin duniya.

Wata rana na je rumfar Hajiya na tarar da matan zaune jugum a kan buhunan sabulun da ba a murza ba, ga wani ɗan gwangwan yana zagaya injin yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, yana lissafin nauyi a ransa. Hajiya ta ja ni gefe ta ce, "Malam Ado, matan nan ba su da wani wurin ci sai nan, ni kuma na kai maƙura. In Sallah ta zo injin nan bai tashi ba, zan bar wa masu sikeli, kowa ta kama gabanta."

Na ce, "Hajiya, ai Alhaji zai saya da daraja."

Ta ce, "Gara in ga an yanka shi da wuta a gabana."

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don na san injin nan tun ina wanke masa notina da buroshi. Kuma na san giya irin wannan guda ɗaya ce ta rage a Kano kaf, tana jikin injin Alhaji Sule.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne wutar lantarki. A lokacin masu wuta rabo suke yi: layin Gyadi-Gyadi ya samu da safe, da an yi azahar a ɗauke a kai layin su Hajiya. Ke nan daga azahar giyar Alhaji barci take yi, a daidai lokacin da ƙwan fitilar rumfar Hajiya ke ci a banza. Na wanke hannu na sa hula na tafi ofishin Alhaji. Na karya dokata sau ɗaya, na ce, "Alhaji, na ga 'yan gwangwan suna auna injin Baba da ido."

Ya miƙe tsaye. "Injin Baba? A sikeli? To ta sayar mini mana!"

Na ce, "Ta ce gara wuta."

Ya zauna. Ya ce taurin kai ne, tun tana yarinya haka take. Ni dai ban ce daga wa ta koya ba. Na kawo masa maganar wuta da barcin giya. Ya daɗe yana kaɗa makullin mota, sannan ya ce, "Ni ban ba kowa aron komai ba. Kai ne makanikena. In ka ga giyata tana bukatar a fita da ita a duba bayan azahar, kai ka sani. Inda kake kai ta kada ka gaya mini. Amma in wuta ta zo da safe ban gan ta a jikin injina ba, ni da kai ne."

Da na kai wa Hajiya, ta karɓa ta juya ta, ta ga wani ɗan tabo da mahaifinsu ya yi mata da kurfi tun da daɗewa. Ta gane sarai. Ta ce, "Malam Ado, kada ka gaya mini inda ka samo." Na ce ai ni ma na manta. Na ɗaura, aka kunna, sabulu ya fito dogo, wata tsohuwa a cikin matan ta rangaɗa guɗa har masu shagon kusa suka leƙo ko ɗaurin aure ake.

Kada ku zaci abin wasa ne. Giya ba hula ba ce da za a cire a mayar kullum. Kun ga wancan mai ƙafa uku kamar murhu? Fula sunanta, ita ke zare giya daga jikin shaf, wato sandan ƙarfen da take zaune a kai, a hankali ba duka. In za a mayar kuma sai gudumar tagulla, don ƙarfe ba ya dukan ƙarfe a wurina. Akwai kuma ɗan guntun ƙarfe da ke kulle giya da shaf, ki muke ce masa. Na sassaƙa su da yawa da ƙarfe mai laushi na zuba a aljihu kamar goro, don in wani abu zai ci, ki ɗin ya ci, giya da shaf su tsira. Wannan ma karatun Malam Tanimu ne: a kowane inji ka ajiye ƙaramin da zai mutu a madadin babba.

Na yi yarjejeniya da wani mai adaidaita sahu, Malam Iro, dattijo ne mutumin ƙauye mai farin gemu, ba ya gudu sai in giya na ciki. Da an ɗauke wuta a Gyadi-Gyadi zan zare ta da zafinta in naɗe a buhu, mu kama hanyar Tarauni. Idon Malam Iro ba ya kan titi, yana kan ƙwayayen fitilun shaguna. Ran da masu wuta suka sauya ra'ayi muna tsakiyar hanya, sai ka ji ya ce, "An mayar can!" ya juya da mu a tsakiyar titi, masu mota suna yi mana addu'o'in da ba a faɗa a masallaci. Matan Hajiya suka raɗa wa giyar suna 'Yar Aike. In mun makara sai ka ji ana cewa, "Yau 'Yar Aike ta tsaya hira."

Ashe sunan zai bi ta. Da farko a buhu take zuwa, a buhu take komawa. Wata rana Hajiya ta sa aka wanke ta tas aka naɗe ta a sabon ƙyalle. Alhaji ya gani ya ce, "Wane ne wannan mai tsafta?" Na ce wani kwastoma ne. Washegari ya miƙo mini gwangwanin giris mai kyau, irin wanda ko ni ba ya ba ni, ya ce, "Ba wa kwastoman nan naka, kada ya kashe mini ƙarfe da giris ɗin banza." Bayan kwana kaɗan sai ga kwanon dambun zogale an ɗaure shi tare da giyar. Hajiya ta ce na direba ne. Malam Iro har ya fara murmushi, amma da muka isa Alhaji ya buɗe ya shaƙi ƙamshin, ya ce irin na Innarsu ne, ya shige ofis da kwanon ya turo ƙofa. Har yau Malam Iro yana bin dambun nan da baki.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah abin da nake tsoro ya faru. Masu wuta suka yi abin kirki a ranar da bai kamata ba, suka ba layin biyu wuta lokaci guda tun da safe. Hajiya tana da kayan wani ɗan kasuwar Maraɗi da motarsa za ta tashi da la'asar, kuma wannan cinikin ne zai nuna ko rumfa za ta rayu ko za a kira masu sikeli. Alhaji shi ma ga motar dillalinsa a ƙofa tana jira. Giya tana jikin injinsa tana aiki, kuma bisa sharaɗi safiya tasa ce. Malam Iro ya tafi ƙauye jana'iza. Ni kuma bayana ya riƙe saboda ɗaukar ƙarfen nan kullum, da ƙyar nake sunkuyawa. Wayata ta yi ƙara, Hajiya ce. Ta ce, "Malam Ado, an kawo wuta." Ta kashe wayar.

Alhaji yana tsaye kusa da ni, ya ji. Ya dubi motar dillali, ya dubi injin. Can sai ya taka da kansa ya kashe shi. Ma'aikata suka juyo. Ya ce, "Malam Ado, kai ba ka ji wani ƙara a injin nan ba?"

Injin nan lafiyarsa ƙalau, ko sukundireba ban ɗora ba na sani. Na ce, "Na ji kamar haka, Alhaji."

Ya ce, "To zare giyar ka kai ta inda ka saba duba ta." Ya juya wurin dillali ya ce inji ya samu matsala, sai gobe.

Na zare ta, amma na kasa ɗagawa. Alhaji ya yi tsaki, ya naɗe hannun farar shaddarsa ya sungume ta ya sa a motarsa. Ya ce zai sauke ni a bakin layi ne kawai. Ban nuna masa hanya ba, shi ma bai tambaya ba, ya bi ta Daurawa ya sha kwana daidai inda ya kamata, mutumin da wai bai san inda ake kai ta ba. A bakin layi na fito ina dafe da ƙugu. Ya dube ni ya ce, "Kai dai an yi tsohon banza." Ya rungumi giyar a ƙirji, baƙin giris yana zuba a shadda, ya taka har cikin rumfar.

Matan suka juyo suna kallonsa. Hajiya Rabi ta fito daga bayan buhuna, ta tsaya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Ya ce, "Ni ba zuwa na yi ba. Ƙarfe na rako."

Ta ce, "To ƙarfen zai sha ruwa?"

Ya ce, "In da sanyi."

Na duƙufa kan aikina ina ɗaurawa, na ƙi ɗaga kai. Da na kunna, Alhaji ya ɗora tafin hannunsa a jikin injin kamar yadda mahaifinsu ke yi, ya daɗe a haka. Ya ce, "Rabi, kin riƙe shi da kyau. Ya fi nawa lafiya." Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka, ni ma dai giris ya shiga mini ido. Kafin la'asar motar Maraɗi ta tashi da kayanta cif, ɗan gwangwan kuwa ban sake ganin ƙeyarsa a layin ba.

Bayan an kwana biyu, wani mai kaya a Ƙofar Ruwa ya kira ni ya ce, "Mai-buhu, zo ka gani." An kwashe rumbun wata tsohuwar masana'anta, sai ga giyar nan sabuwa dal a cikin takardarta ta mai, ba a taɓa ɗaura ta ba. Na gwada da samfur, ta zauna daram. Na tafi Tarauni ina ta washe baki, ina jiran guɗa. Hajiya ta dube ta sama-sama ta ce, "Ka nuna wa Yaya tukuna." Na kawo wa Alhaji. A lokacin shi ke kai 'Yar Aike da kansa kullum, ya zauna a ba shi ruwa da dambu, su yi ta musu a kan wanda ya fi iya sabulu. Ya juya sabuwar giyar, ya ce sabon ƙarfe ba shi da tabbas, wa ya san halinsa? Na ce, "Haba Alhaji, wannan fa ita muka shekara muna nema."

Ya leƙa ƙofa ya ga ba kowa, ya rage murya ya ce, "Ado, in ka ɗaura mata wannan, ni kuma da wane dalili zan riƙa zuwa?"

Na ce, "Alhaji, ƙanwarka ce fa. Sai da dalili?"

Ya ce, "Kai dai gyaran inji ka iya."

Shi ne na kawo ta nan na rataye. Ina shafa mata mai lokaci-lokaci, ran da tsohuwar ta gaji tana nan tana jira. Su biyun sun san tana nan, ba wanda ya taɓa tambaya.

Kun ji hon ɗin can? Alhaji ne ya zo ɗaukata, an ɗauke wuta ke nan. Kai mai jar hula, tunda hannunka ba ya zama wuri ɗaya, miƙo mini fula da gudumar tagulla. Yi sauri, Alhaji ba ya son dambunsa ya huce.